Kwabo a Kan Allura

Ni dai ban san ranar da mutane suka daina jin nauyin abu a hannunsu ba. Farkawa kawai na yi na tarar an daina. Yanzu in ƙofa ta ƙi rufuwa sai a sa mata ƙafa, in rediyo ya yi shiru sai a kai masa mari, in abu ya yi girgiɗi sai a tsiyaya masa gam a ce an gyara. Tir! Na ƙare ƙuruciyata da rabin tsufana ina gyaran rediyo da garmaho a wata 'yar rumfa a Ƙofar Ran, har idona ya gaji na rufe ta, kuma na ɗauka babu sauran ɓarnar da za ta ba ni mamaki. Ashe da saura, kuma a cikin zuriyarmu za a yi ta.

Babanmu makaɗin garaya ne. Ba wani shahararre ba, maharba yake wa kiɗa in sun dawo daga daji, sauran kwanaki kuma ya yi ɗinkin sirdi a zaure. Wata rana ina ƙarami mutanen gidan rediyo suka zo da mota, suka shimfiɗa wayoyi a zaurenmu, suka ce za su ɗauki kiɗansa. Ban taɓa jin unguwarmu ta yi shiru irin na ranar ba. Aka aika gida gida a dakata da daka, aka kora awaki can bayan ganuwa, mai tallan fura ma da ta saba kwararo kira tun daga bakin lungu sai ta zo ta wuce a kan yatsun ƙafa. Baba ya yi kiɗinsa ya gama. Yayata, wadda nake bi, ba ta san injin ɗaukar kiɗan yana nan yana juyawa ba, sai ta shigo da ruwa a ƙwarya ta durƙusa. Baba ya karɓa ya sha, ya sauke numfashi, ya ce, "Madalla. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Duk wannan ya shiga. Bayan wasu watanni suka aiko masa da faifai guda ɗaya tak, irin mai laushin nan da ake yanka wa mutum ɗaya, ba irin na kasuwa ba. Kiɗin yana ciki, kuma can ƙarshe, in ka kasa kunne, za ka ji ƙarar ƙwarya da haɗiyar ruwa, sannan albarkar. Da Baba ya rasu babu wanda ya yi musu, faifan na Yaya ne, tun da ita aka sa wa albarkar.

A zamaninmu sauraron faifai aiki ne. Sai an wanke hannu, an share tabarma, an ce wa yara su zauna. A zare faifai daga rigarsa a riƙe shi ta gefe da tafin hannu, a hure ƙura, a ɗora. Sannan a ɗaga hannun garmaho a hankali a sauke allura, a ji ɗan ƙus-ƙus ɗin nan na farko, kowa ya yi tsit. Mutum ya san abin da yake ji yana ƙarewa, domin kowane juyi allura tana ɗan cin faifai, saboda haka ba a sa shi don a yi hira a kai. Yau kuwa waƙa tana fitowa daga aljihun kowa, a cikin keke, a bakin masallaci, a wurin jana'iza ma wani sai wayarsa ta ɓarke da kiɗa, kuma babu mai saurare. Kunnuwa sun cika sun toshe.

Maigidana, wanda na koyi aiki a wurinsa, wani dogon dattijo ne mai ƙarancin magana. Gyaran agogo ya fara yi kafin rediyo, shi ya sa yatsunsa ba sa gaggawa. Shekarata ta farko ban taɓa komai ba sai shara, da hura gawayi don ɗora ƙarfen dalma, da tsince ƙananan kusoshi daga ƙasa in jera su a murfin gwangwani. In kusa ɗaya ta ɓata ba a tashi cin abinci sai an gan ta. Yakan ce mini, "Kai, kafin ka taɓa abu ka tambaye shi me ke damunsa." Ni kuwa a raina ina cewa tsohon nan ya cika tsirfa, ƙarfe ne zai yi magana?

Ranar da na san abin da yake nufi, ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Lokacin na fara tasawa, har na fara ganin kaina gwani. Aka aiko daga gidan wani babban ma'aikaci a GRA, wai garmahonsu mai lantarki yana tsalle, allura ba ta zama a layi. Maigida yana da aiki a hannu, ya ce in je in duba kawai in dawo in faɗa masa. Na hau keke na tafi. Uwargidan ta nuna mini garmahon, ta ɗauko wani faifai da ta ce na ranar aurenta ne, ƙanenta ya kawo mata daga nesa. Na sa, allura ta yi ta tsalle tana zamewa. To, na sha ganin abin da ake yi a gidajen biki. Na laluba aljihu na ciro kwabo mai huji, na ɗaure shi da zare a kan allurar. Nan take ta zauna daram, kiɗa ya tashi. Uwargida ta yi murna, ta sa aka kawo mini shayi da biskit, muka saurari faifan har sau uku. Na dawo ina tuƙa keke da hannu ɗaya.

Maigida ya ce, "Me ka gani?"

Na ce, "Ai na ma gyara, Maigida. Kwabo na ɗora masa."

Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya kulle rumfa da rana tsaka, ya ce in ɗauke shi a keke mu koma. Da muka isa ya gaida uwargida, ya nemi farar takarda. Ya kwance kwabon ya miƙo mini. Sannan ya sa takardar a ƙarƙashin allura ya ɗan kaɗa ta da tsinken ashana. Wani baƙin gari ya zubo, kamar an kankare gindin tukunya. Ya naɗe takardar ya danƙa mini, ya ce, "Kai wa Hajiya, ka ce mata ga waƙarta." Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na durƙusa gaban matar nan na miƙa mata takardar. Ita ta ji tausayina ta ce a bar shi, yaro ne. Maigida ya ce, "A'a, Hajiya, yaron da aka ba amana ai ya tashi daga yaro."

A nan gabanta ya nuna mini inda ciwon yake. A bayan hannun garmaho akwai wani dunƙulen ƙarfe, mu muna ce masa dutse, don aikinsa irin na dutsen sikeli ne. Shi yake ɗauke nauyin hannun, ya bar wa allura ɗan abin da take bukata. A cikinsa akwai roba da ke kama sandar hannun, da wata 'yar kusa mai murɗi a gefe wadda ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. In robar ta bushe ko kusar ta kwance, sai dutsen ya zame baya, gaba ya yi sama, allura ta dinga tsalle. Ciwon yana baya, ni kuma na je na danne gaba. Maigida ya zare dutsen, ya kankare busasshiyar robar, ya yanko siririya daga robar cikin tayar keke ya naɗa, ya mayar da dutsen yana murzawa a hankali har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Sannan ya ciro sikelinsa daga aljihu. Ba wani abu ba ne, ɓawon kara ne siriri da yake ɗorawa a kan bakin reza, anini a gefe guda, allura a ɗaya gefen. Ya dinga matso da dutsen gaba kaɗan kaɗan har karan ya daidaita, ya ɗaure kusa. Ya ce, "Nauyin anini ɗaya. Abin da faifai zai iya ɗauka ke nan. In ka ƙara, noma kake yi." A hanyar komawa bai bar ni na hau keken ba, tura shi na yi yana tafe a gaba. Da muka isa ya ba ni aninin ya ce in riƙe, kuma yana nan a aljihuna har yau.

Daga ranar babu wanda na bari ya taɓa faifan Baba. Da na kama rumfar kaina na samo wani garmaho mai kyau a hannun wani malamin makaranta da zai bar gari, na gyara shi na kai ɗakin Yaya a Ƙofar Wambai. Sau biyu a shekara muke sa faifan, ƙaramar salla da babba, bayan an ci abinci baƙi sun ragu. In zo da aninina in gwada dutse, in ɗora, mu zauna ni da ita. In an zo wurin ƙwarya sai ta sunkuyar da kai, Baba ya sa mata albarka, ta ce amin, in ɗaga allura in mayar da faifai rigarsa. Haka muka yi har gashinmu ya yi fari, kuma faifan yana nan garau.

Laifina a ciki ba zan ɓoye ba. Sallar ƙarshe da na gwada na ji dutsen ya fara sakin jiki, na san robar ta bushe. Na ce zan dawo da sabuwa cikin mako. Sai ciwon ido ya taso mini, 'yata ta zo ta ɗauke ni zuwa garin da take aure aka yi mini aiki, na yi watanni a can. Ina can Yaya ta kwanta ciwo, ƙafafu suka ƙi ɗaukarta. Babban ɗanta, wanda yanzu shi ma babban ma'aikaci ne mai gida a GRA, ya ɗauke ta ya mayar gidansa, har da garmahon da faifan, don ta ce ba za ta tafi ta bar su ba.

Da na dawo, washegari da hantsi na hau keke na je gaishe ta. Na tarar da ita a kwance ta rame, amma hankalinta sarai. Muka gaisa, ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, kunnena ya tafi. Ina sa faifan Baba, kullum sai ya ƙara nisa. Yanzu ba na jin komai sai iska."

Na ce, "Yaya, wa ke sa miki?"

Ɗanta yana tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu. Ya ce, "Ni ne, Kawu. Safe da yamma nake sa mata, tana jin daɗinsa. Da farko yana ta tsalle, sai na kai wa wani mai gyaran waya, ya gyara shi tsaf."

Na ce a kai ni in gani. Yana falo a kan wani teburin gilashi, an ajiye shi kamar kayan ado, faifan a kai tsirara babu riga, fanka tana zuba masa ƙura. Na duba bayan hannun. Dutsen ya zame har ƙarshe, kuma a nan inda ya zame aka bi shi da gam aka liƙe, gam ɗin ya dalalo ya bushe fari fat. Na dubi gaba. Tsofaffin kwandaloli uku aka jera a kan allurar, aka naɗe su da salatif. Uku! Ni da na ɗora kwabo ɗaya na yi shekara hamsin ina jin kunya. Na nemi kujera na zauna.

Na ce, "Alhaji, sau nawa aka sa shi a haka?"

Ya ce, "Kawu, ai ban ƙirga ba. In baƙi sun zo ma ina sa musu, su ji kakanmu. Abin tarihi ne ai."

Abin da ya zo bakina ba na faɗa wa ɗan Yaya ba ne. Mutumin nan ya yi karatu har ƙasar waje, yana sa hannu a takardun da ke juya rayuwar mutane, amma bai tsaya ya tambayi kansa me ya sa abin da ya shekara hamsin yana aiki ba kwandala yau yake neman uku ba. Shi kuma mai gyaran, ko wane ne, da ya ce bai san wannan ba ai da ya yi mutunci. Yanzu babu mai cewa bai sani ba. Kowa gwani ne, gam yana aljihu.

Na ce a ba ni farar takarda, da reza, da ruwan goge farcen matarsa, da tsohuwar robar tayar keke in akwai. Maigadi ya samo robar. Na zauna a ƙasa na fara. Na kwance salatif na zubar da kwandalolin a kan gilashin, da gangan na bar su suka yi ƙara. Na jiƙa auduga na yi ta shafa gam ɗin yana narkewa kaɗan kaɗan, ina kankarewa da bakin reza, har azahar ta yi. Na yi salla na dawo. Dutsen ya saki, na zare shi, tsohuwar robar ta zubo kamar garin gawayi. 'Yar kusar tana nan, ko taɓa ta ba a yi ba, mai gyaran bai ma san da ita ba. Na yanka sabuwar roba na naɗa, na mayar da dutse ina murzawa har hannun garmahon ya tsaya a iska shi kaɗai. Na fasa karan tsintsiya na ɗora a kan reza, na ciro aninin Maigida. Karan ya daidaita, na ɗaure kusa, na sa sabuwar allura daga cikin biyun da suka rage mini a aljihu. Ban taɓa yin gyaran da ya fi wannan kyau ba. Sannan na kaɗa tsohuwar allurar a kan farar takarda, abin da na san zai zubo ya zubo, har da tudu.

Muka ɗauki garmahon zuwa ɗakin Yaya. Ta ce, "Ka gyara?" Na ce na gyara. Ta gyara ɗankwalinta, ta sa aka tayar da ita zaune. Na sauke allura, ta zauna a layi lafiya lau ba tsalle. Sai shuuu, kamar ana zuba tsaba a kwano. Can ƙasa, in ka matsa kunne, akwai wani abu mai kama da garaya, kamar daga wata unguwa. Muka jira har ƙarshe. Wurin ƙwarya ya zo ya wuce, babu ƙwarya, babu haɗiyar ruwa, babu Baba. Layukan faifan sun yi fari, an nome su tas.

Yaya ta ce, "Kai ma ba ka ji ba?"

Na ce, "Ba kunnenki ba ne, Yaya."

Ɗanta ya matso da sauri ya ce, "Kawu, kada ku damu, ai na ɗauka a waya tun yana fita sosai. Komai yana nan." Har na ji sanyi a raina, na ce Allah ya sa. Ya latsa, ya kai wayar kusa da kunnen uwarsa. Garayar Baba ta fito, ana jinta. Amma ranar da ya ɗauka baƙi ne cike da falon. Ga muryar wani yana ba da labarin filin da ya saya, ga wani yana musu, cokula suna ƙara a faranti. Baba yana ta kiɗa a ƙarƙashinsu babu mai kula shi. Kiɗin ya tsaya, na ji ƙarar ƙwarya, Yaya ta sunkuyar da kai yadda ta saba. Daidai nan wani ƙato ya fashe da dariya ya ce a ƙaro masa lemo mai sanyi. Da dariyar ta lafa faifan ya ƙare.

Na ciro takardar nan da na naɗe, na kama hannun ɗan Yaya na danƙa masa. Ya buɗe ya ga baƙin gari, ya ce, "Kawu, mene ne wannan?" Na ce, "Kakanka ne. Ka nuna wa baƙi." Ya tsaya da ita a hannu, ya rasa inda zai ajiye.

Yaya ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi masa faɗa ba. Ta daɗe tana kallon garmahon yana juya faifan da babu kowa a ciki. Sannan ta ce wa ɗanta ya miƙo mata kofin ruwan da ke gefen gado. Ta riƙe shi da hannu biyu, ruwan yana zuba a zanenta, ta miƙo mini.

Ta ce, "Auta, duk gidanmu kai ka ɗauko muryarsa. Sha."

Na karɓa na sha. Na ga ɗanta ya ɗaga waya zai ɗauka, na dube shi, ya sauke. Na sauke numfashi yadda na ji ana saukewa sau biyu a kowace shekara, na ce, "Madalla. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Ta sunkuyar da kai ta ce amin. Sannan ta ce, "Shi ba ya sauri haka. Sake."